Shekarata 53 nake zaton ina da otizim, akwai manya irina a nan Legas?

Maman Sadiya, Agege

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah tambaya biyu ce dani, kuma wanda zai amsa ya amsa a hankali dan abin ya daɗe yana cina a rai. Ta farko, ya dace mace babba kamata mai 'ya'ya da jikoki ta ce tana da otizim alhali babu likitan da ya rubuta mata takarda? Ta biyu wadda ita ma tafi damuna, akwai inda manya masu irin wannan halitta suke haɗuwa a garin nan, ko da a waya ne, suna magana da Hausa?

A Agege aka haifeni, kakanninmu cinikin goro ya kawo su daga Katsina, ni kuma ɗinki nake a gida. Jikana ɗan wajen Sadiya bai yi magana da wuri ba, aka yi ta yawo dashi har daga ƙarshe likita ya ce otizim ne, abinda wasu ke cewa galahanga. Ni na raka uwar, ana ta yi mata tambayoyi, yana toshe kunne in an tada janareto, yana ƙin saka wasu kaya, hankalinsa yana tashi in an canja masa abinda ya saba, yana jera abubuwa a layi, ita tana amsawa kan ɗanta ni kuma wlh a zuciyata kan kaina nake amsawa, eh eh eh har aka gama.

Tun ina yarinya bana iya kallon idon mutum, amma da yake mu a wajenmu sunkuyar da kai tarbiyya ce sai aka yi ta yabona wai ina da kunya. Da na girma yabon ya koma miskila, ya koma girman kai. Gaisuwa haddace ta nayi, ina kwana ina gajiya ya yara ya maigida ya mukaji da zafi, ina jera su daidai amma in aka gama aka shiga hira ta ainihi bansan inda zan sa baki ba. Habaici kuwa har yau bana gane shi sai wani ya fassara min, a gidan aurena na fari mace zata yi min gugar zana in bata amsa tsakani da Allah, sai ace rainin wayo nake. Wannan yana cikin abinda ya kashe auren. Biki shine babban tashin hankalina, kiɗa ga guɗa ga turare kala kala ga leshi yana cizon jiki, in na dawo sai in rufe ɗaki in kwanta bana son ko sallama. An yi min hayaƙi an yi min ruƙiyya ina budurwa wai iska ce ke hanani shiga mutane. Amma in kika bani atamfa zan faɗa miki shekarar da zanen ya fito da wadda ta fara kawo min shi, kuma zan iya wuni kan keke ban san rana ta faɗi ba.

Na taɓa gwada faɗa wa wani likita a wani asibitin kuɗi, yace Hajiya ke da kika yi aure kika haihu kike sana'a, ya rubuta min maganin barci. Duk group ɗin da na samu na iyayen yara ne kuma da turanci suke. Ni ba magani nake nema ba, so nake in ji ko akwai wata ko wani da ya rayu irin wannan rayuwar.

Malam Idi-Araba

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba jikanki lafiya ya raya shi. Ni dai shawarata ki bi a sannu. Yanzu zamani ya zo da kowa ya kalli bidiyo a TikTok sai ya ɗora wa kansa suna, wannan yace yana da kaza wancan yace yana da kaza, alhali abinda kika lissafa da yawan mutane suna da shi, ni kaina hayaniyar Oshodi da ihun kwandastan danfo suna sa min ciwon kai. Allah ya halicci mutane kala kala, akwai mai surutu akwai mai shiru, ba kowane shiru ne lalura ba.

Abinda yafi bani tsoro shine kar sunan ya zama hujjar yanke zumunci, gobe ace ana suna a gidan ƙanwarki kice ai ni ina da otizim ba zan je ba. Sannan ki tuna kina da 'yan mata da jikoki da za'a zo nema aure, kin san bakin mutanenmu, da an ji sai ace gidan masu taɓin hankali ne. Ba ina ƙaryata ki bane, ina dai ganin in likita bai faɗa ba kar ki faɗa.

Bilki Nas

Mama sannu da ƙoƙari, ba ƙaramin abu bane mace ta rubuta wannan a fili. Ni nas ce, na yi aiki ɓangaren yara da ɓangaren ƙwaƙwalwa, bari in faɗi abinda na sani sai ki auna.

Da farko otizim ba taɓin hankali bane Malam, kuma ba abu ne da ke kama mutum da rana tsaka ba, yadda ƙwaƙwalwa ta ginu ne tun ana ciki, dashi ake haihuwar mutum dashi yake tsufa. To tunda yaran da ke dashi suna girma, dole akwai masu shekara 50 da 70 da ke dashi, ba'a dai duba su bane. Ki duba tarihin abin. Sai a 1943 wani likita Leo Kanner a Amurka ya fara bayanin sa kan yara 11, kuma shekaru da yawa bayan nan yaran da abin ya yi wa nauyi sosai kawai ake lissafawa, yawanci maza. Sai a 1981 wata likita 'yar Ingila Lorna Wing, wadda ita ma 'yarta tana dashi, ta ja hankalin likitoci cewa abin yana da faɗi, akwai masu magana tas masu karatu da aiki. Ke a lokacin kina firamare a Agege, wa zai gane? A 2013 ne ma littafin da likitocin Amurka ke aiki dashi ya haɗe nau'o'in duka ƙarƙashin suna ɗaya mai matakai 3 gwargwadon taimakon da mutum ke buƙata. Hukumar lafiya ta duniya ta taɓa ƙiyasta kusan yaro 1 cikin 100, a Amurka kuma inda ake dubawa sosai lissafin da suka fitar a 2023 yaro 1 ne cikin 36.

Mata kuwa su suka fi ɓacewa a lissafi, ana gano maza kusan ninki 4, kuma ɗaya daga cikin dalilan shine abinda kika faɗa da bakinki, haddace gaisuwa, kwaikwayon yadda sauran mata ke yi, danne abinda ke damunki har a tashi daga taro sannan ki je ki zube. A al'adarmu abin ya ƙara ɓuya dan yarinya mai shiru mai sunkuyar da kai marar yawo ita ce 'yar kirki, ba wanda zai kaita asibiti. Kuma gado yana da ƙarfi a ciki, wani babban bincike da aka yi a ƙasashe 5 aka fitar a 2019 ya nuna kusan kashi 80 cikin 100 daga gado ne, shi yasa sau da yawa ta kan ɗa ko jika babba yake gano kansa. Tunda nasan wani zai kawo maganar, ba allurar rigakafi ke jawo shi ba, takardar 1998 da ta fara wannan zancen an janye ta a 2010 aka kuma ƙwace lasisin likitan.

Amma akwai inda nake tare da Malam. Babu gwajin jini babu hoton kai da ke nuna otizim, zama ake da likitan ƙwaƙwalwa ko masanin halayya a bi tarihin mutum tun yarinta, ana duba fanni biyu, wahalar mu'amala da mutane, sannan maimaita abu da riƙe tsari ɗaya da yadda sauti ko taɓi ko wari ke yi wa mutum yawa, kuma dole ya kasance tun ƙuruciya ake haka. Akwai abubuwan da suke kama dashi ko suke zuwa tare dashi, ciwon damuwa, tsoron shiga mutane, ADHD wato wahalar tattara hankali da kasa zama wuri ɗaya, raunin ji, ciwon maƙoƙo, ga ki kuma a shekarun ɗaukewar al'ada da kan ƙara wa mace gajiya da rashin barci. Waɗannan da yawa suna da magani, shi yasa nake so ki je a duba ki ko da ba dan takardar ba. Tambayoyin intanet irin AQ mai tambaya 50 suna nuna hanya ne kawai, kuma da turawa aka tsara su, tambaya kan zuwa fati ko laburare ba rayuwarki bace.

Inda zaki nufa, asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Yaba, ko ɓangaren ƙwaƙwalwa na LUTH, asibitin koyarwa na jami'ar Legas a Idi-Araba, ko LASUTH, asibitin koyarwa na jami'ar jihar Legas a Ikeja wanda yafi kusa dake. Ki faɗa tun daga teburin kati cewa tantancewar otizim ta babba kike so, ki rubuta abubuwanki a takarda tun daga gida dan in kin shiga kan ki zai iya ɗaurewa, in akwai yayarki ko gwaggo da ta san yarintarki ki tafi da ita. Likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar nan 'yan ɗaruruwa ne kawai ga mutum sama da miliyan 200, dan haka sai da haƙurin layi. Amsar tambayarki ta farko a wajena, kina da haƙƙin cewa ina ganin ina da otizim kuma ki fara tsara rayuwarki a kan haka tun yau, toshe kunne a danfo baya buƙatar sa hannun likita.

Ɗan Kara, Oko-Oba

Anti Maman Sadiya gani nan, ɗaya daga cikin waɗanda kike nema. Shekarata 41, harkar shanu nake a mayankar Oko-Oba, kusa dake ma. Ni na samu an duba ni, amma kafin nan na daɗe da sanin kaina, takardar bata gaya min sabon abu ba sai dai ta sa matata ta daina zaton bana sonta ne in na dawo na zauna shiru.

Tun ina yaro ake ce min bahago, ana ciniki kowa yana zagaye zagaye ana albarka ana sallama ni in faɗi kuɗina ɗaya in tsaya a kai, in sa yana da aibu in faɗa wa mai saye, dillalai suka yi ta faɗa dani wai zan kashe musu kasuwa, yanzu kuma saboda wannan halin ne mahauta da yawa basa saye sai a hannuna. Shanu kam nafi gane su akan mutane, ina ganin abinda ke firgita sa kafin kowa ya gani, inuwa ce ko leda ce ke kaɗawa ko ƙarar ƙarfe. Ashe akwai wata farfesa a Amurka Temple Grandin, an haife ta 1947, tana da otizim, ita ta tsara lanƙwasassun hanyoyin da ake bi da shanu a manyan mayankun can dan kar su firgita, ranar da na ji labarinta ban iya cin abinci ba dan murna da kuka.

Malam da girmamawa, ciwon kan Oshodi da kake ji gaskiya ne amma kai in ka sauka ka sha ruwa ya wuce. Ni in ya yi yawa maganata ce ke ɗaukewa gaba ɗaya, ina jin mutum ina son amsawa baki ya ƙi buɗewa, kuma haka nake tun ina makarantar allo ana dukana a kai. Zumunci kuma ban yanke ba sai ma gyaruwa da yayi, da can in na je biki ina fita da faɗa ko in sulale ba sallama a yi ta fushi dani, yanzu 'yan uwa sun san ina zuwa ɗaurin aure in yi gaisuwa in bada gudummawa in tafi kafin a kunna sifika.

Abinda ya taimake ni, abin toshe kunne na roba irin na masu aikin kamfani, yana da araha a kemis, da fita da sassafe kafin goslo, da jirgin ƙasan nan na Red Line da ya fara aiki a 2024, daga tashar Agege zuwa Oyingbo ba kwandasta ba ihu, kuma yana tsayawa a Yaba in zaki asibitin. Group na manya da Hausa kuwa nima na nema ban samu ba. In zaki fara ina ciki.

Ummu Hanif, Obalende

Mama ni uwa ce, ɗana shekararsa 9 baya magana har yanzu, sai an yi masa wanka an bashi abinci a baki. Zan faɗi gaskiyata kar ki ji haushi, da na fara karantawa raina ya ɗan sosu, nace wadda ta yi aure ta aurar tana sana'a ina ita ina abinda muke gani. Amma da na kai inda kika ce leshi yana cizon jiki sai na tsaya, dan Hanif yana yage duk rigar sallah da na ɗinka masa ina ta kuka ina cewa ɓarna ce, shi bazai iya gaya min dalili ba ke kuma kin iya. To dan Allah in kun buɗe group ɗin ku bar mana ƙofa ko sau ɗaya a wata mu yi muku tambaya.

Abinda na sani na taimako, bankin GT suna taron otizim duk shekara yawanci wajen watan Yuli, ana yi a ɗakin taro na Muson da ke Onikan, kuma ana ganin ƙwararru kyauta a kwanakin, in kin je ki tambaye su kai tsaye wa ke duba manya. Akwai LASODA, ofishin jihar Legas mai kula da harkokin masu nakasa, da aka kafa a ƙarƙashin dokar masu buƙata ta musamman ta 2011, sannan dokar tarayya da ta hana nuna wa masu nakasa bambanci wadda Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019. In harkar hukuma ce ko wajen aiki nan kam sai da takardar likita. 2 ga Afrilu kuma ranar otizim ce ta duniya, ana taruka a garin nan amma ban taɓa ganin wanda aka yi da Hausa ba, a Agege ko Mile 12 ko Alaba Rago, ga mu da yawa haka.

Maman Sadiya, Agege

Na gode muku duka Allah ya saka da alheri, na karanta na sake karantawa.

Malam maganarka ta auren yara ta shige ni dan nima ita ce ta hanani barci, shi yasa ban sa sunana na gaskiya ba kuma ba zan yi shela a unguwa ba. Amma zumunci ina so ka san ban taɓa son yanke shi ba, ina son 'yan uwana sosai, abinda nake so shine in je gidan ƙanwata ana gobe suna lokacin gida shiru, in yi mata ɗinkin jariri in taya ta gyaran kaji mu yi hira mu biyu, ranar taron in leƙa in dawo, kuma kar a ce na raina ta. Shekaru ina zuwa ina zama har dare ina dawowa ba lafiya kuma duk da haka sunan miskila bai bar ni ba.

Bilki 'yata zan je LASUTH in sha Allah, yayata tana Katsina amma zan kira ta ta bani labarin yarintata in rubuta, ita ce ta sha faɗa min wai har na shiga makaranta bana wasa da yara sai tara murafen kwalba. Ummu Hanif ban ji haushi ba ko kaɗan, nauyin da kike ɗauke dashi ba irin nawa bane, ina gani a wajen Sadiya. Ki juya masa rigar ki shafa ɗinkin ciki da bayan hannunki, in akwai zaren roba ko lebul a wuya ki cire, ki nemi auduga zalla a wanke ta ta yi laushi kafin a ɗinka, ace wa tela ya lulluɓe bakin ɗinkin ciki kuma banda surfani a ƙirji. Haka nake wa jikana yanzu yana barin kaya a jikinsa.

Abu ɗaya ya rage da ban san yadda zan yi ba, maigidana. Mutumin kirki ne amma in ya ji kalmar asibitin ƙwaƙwalwa hankalinsa zai tashi. Ɗan Kara kai ya kayi ka faɗa wa iyalinka?

Ɗan Kara, Oko-Oba

Anti ban fara da sunan ba sam. Na fara da abu ɗaya ɗaya, nace mata in na dawo daga kara ki bani lokaci in zauna shiru kafin a kawo min maganar gida, ta ga da aka yi haka faɗa ya ragu, sai daga baya na nuna mata bidiyon wani likita muka kalla tare ita da kanta tace ai wannan kai ne. Ke kuma kina da sauƙi tunda Alhaji ya riga ya san na jikansa, ki sa Sadiya ta zauna daku ta maimaita tambayoyin da likita ya yi mata, ki barshi ya auna da kansa, shi da ya zauna dake shekara da shekaru zai gane.

Group ɗin zan buɗe a WhatsApp yau bayan isha'i, wanda yake so ya turo min saƙo ta ciki kar kowa ya sa lambarsa a nan. Sharaɗina rubutu ko saƙon murya kawai banda kira ba sanarwa, ba tallan magani, ba fitar da maganar wani waje, kuma ba za'a tambayi kowa takardar likita ba. Bilki in zaki yarda ki shigo ki riƙa gyara mana in mun faɗi abinda ba daidai ba, Ummu Hanif ku kuma mu sa muku Asabar ɗin farkon wata.